Na dafa miyar Kajun a Maradi, Inna ta ce ta san ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da kai da dukan ma'aikatanka. Ni tsohuwar malamar makarantar firamare ce a nan Maradi, shekara 31 na yi ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, yanzu kuwa yaji nake dakawa a gida ina sayarwa. Ban saba rubuto wa jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan labarin da kuka buga kwanakin baya a shafin ƙarshe, mai hoton wani Ba'amurke riƙe da farantin naman kada, aka rubuta a ƙasa cewa akwai mutanen da ba su bar komai ba, har kwaɗo da ɓera. Na ji mata a gidan suna suna ta tofar da yawu a kan hoton. Ni raina bai so ba, domin mutanen nan da kuka nuna, waɗanda ake kira Kajun, na dafa abincinsu da hannuna a daminar da ta wuce, kuma abin da na tarar cikin tukunyar ya wuce a ce hoto ɗaya da layi biyu sun gama da shi.

Autan ɗakinmu malamin makaranta ne kamar ni. Shekara uku ke nan yana koyar da Faransanci a garin Lafayet, cikin jihar Luwiziyana, a kudancin Amurka. Jihar na ɗauko malamai daga ƙasashen da ake jin Faransanci, har da na Afirka ta Yamma, don su koyar da yaranta, ta wannan hanya ya tafi. Da ya zo hutu a watan Yuli, kowa ya samu tsarabarsa, wasu turare, wasu takalmi. Ni sai ya miƙo mini leda mai nauyi ya ce, "Yaya, ke mai yaji ce, ga yajin mutanen da nake zaune cikinsu, ki gaya mini gaskiya a kansa." Abu uku ne a ciki: gwangwanin garin yaji, da 'yar kwalbar Tabasco, da wata 'yar kwalba mai garin ganye, kore-kore mai duhu, wanda ya ce sunansa file.

Na fara da gwangwanin, don shi ne sana'ata. Na zuba kaɗan a tafin hannu, na shinshina, na ɗanɗana, sannan autan ya karanta mini abin da aka rubuta a jiki. Gishiri ne a gaba, sai jan barkono, sai masoro, sai tafarnuwa. Ya ce wasu masu haɗawa suna ƙara garin albasa da garin jan tattasai da busassun ganyaye masu ƙanshi. Gaskiyar da ya nema na ba shi: yajin yana da kyau, an niƙa shi lukui, babu tsakuwa babu ƙasa, amma gishirinsa ya yi yawa, kuma bai kai namu zurfi ba. Babu citta, babu kimba, babu kanumfari, babu ƙuli-ƙuli. Yajin tsiren da kowane mahauci ke barbaɗawa a bakin babbar kasuwa da yamma ya fi shi daɗewa a baki. Tabasco kuwa barkono ne da gishiri da ruwan khal kawai, sai dai ana ajiye niƙaƙƙen barkonon cikin gangunan katako har zuwa shekara uku kafin a tace. Tun 1868 iyali ɗaya ke yin sa a wani wuri da ake kira tsibirin Avery, a wannan jihar, kuma yau ko a manyan kantunan Yamai za ka gan shi. Wannan ya tsaya mini a rai, zan dawo kansa.

Da dare muna zaune a tsakar gida, ruwa ya ɗauke, ya ba mu tarihinsu. Asalinsu manoma ne Faransawa da suka zauna a wani yanki na gabashin Kanada da ake kira Akadi. A 1755 Turawan Ingila suka fara kwashe su da ƙarfin bindiga, suka ƙone gidajensu, suka loda su cikin jiragen ruwa, suka warwatsa su. Fiye da mutum 10,000 aka kora, kuma da yawa cuta da nutsewar jirage suka cinye su a hanya. Bayan shekaru ana gararamba, wasu suka fara isa Luwiziyana, ayarin wani jagoransu mai suna Joseph Broussard ya sauka a 1765, sannan a 1785 jirage bakwai suka kawo wasu kamar 1,600 daga Faransa. Ƙasar da suka samu fadama ce da dausayi da ƙoramu, sauro da kada ne masu gida. Sunan Kajun ma daga kalmar da ke nufin mutumin Akadi ya fito, baki ya tauna shi har ya gajarce. Mutumin da aka jefa cikin irin wannan wuri da iyalinsa, ba garke ba rumbu, me zai ci in ba abin da ruwa da daji suka ba shi ba? Tun daga nan na fara kallon hoton nan naku da wani ido.

Babbar miyarsu sunanta gombo. Da ya faɗi sunan sai na ce masa, kai auta, ai wannan kuɓewa ce, gombo ɗin Faransanci da muke rubutawa a allo a darasin lambu, wadda tsofaffinmu ke ce wa guro. Ya ce ita ce kuwa. Kalmar daga harsunan Angola da Kwango ta fito, ita da kuɓewar kuma bayi ne suka sa su cikin tukunyar wannan ƙasa. Tun 1719 jiragen bayi suka fara sauka a Luwiziyana, an kuma umarci masu jiragen farko su sayo irin shinkafa da mutanen da suka iya noma ta. A zamanin mulkin Faransa mafi yawan waɗanda aka kai daga yankin Senegal da Gambiya aka ɗebo su, cikinsu har da Bambara. Don haka shinkafar da ake zuba wa wannan miya da yauƙin da ke cikinta, hannun mutanenmu ne. Ina so masu karatu su riƙe wannan, domin sunan Kajun ya yi tashe har yana neman rufe aikin baƙaƙen mata da suka tsaya a bakin murhu a wannan jiha shekaru aru-aru. Jikokinsu na nan, da yawansu ana kiransu Kiriyol, kuma su ma gombo suke dafawa.

Na ce to sai na gwada. Matsala ta farko naman alade. Mutanen nan Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma alade ya ratsa girkinsu: suna cusa niƙaƙƙen namansa cikin hanji su banda shi da hayaƙi, su yanka shi cikin miya don ƙanshi. Wannan babu zancensa a gidana, kuma autan ya ce shi kansa a can sai ya yi tambaya kafin ya sa cokali a kowace miya, ko da an ce ta kaza ce. Amma na fahimci abin da suke nema a jikinsa hayaƙi ne da maiƙo. Sai na sayi naman sa mai ɗan kitse, na shafe shi da yajin gwangwanin da tafarnuwa, na kai wa mai balangun unguwarmu ya banda mini shi a gefen wuta tun hantsi har la'asar. Na sa aka yanka mini tsohon zakara, don autan ya ce su ma tsohuwar kaza suke so, wadda za ta jure dahuwa ta ba da romo. Sai kayan miya uku da ba sa girki sai da su: albasa, koren tattasai da seleri. Albasar Galmi na sa, selerin kuwa a wurin masu kayan lambu na same shi, ɗaure da farsil.

Abin da ban taɓa yi ba shi ne tushen miyar, wanda suke kira ru. Mai ne da fulawa, awo ɗaya ɗaya, a ɗora a wuta a yi ta juyawa ba tsayawa har fulawar ta sauya launi, daga fari zuwa launin ƙasa, zuwa launin ƙuli-ƙuli, har ta kai duhun daddawa. Na zuba man gyaɗa gwangwani ɗaya na madara, fulawa gwangwani ɗaya, cikin tukunyar dalma a kan murhun gawayi. Wajen minti ashirin ina juyawa, sai aka yi sallama a ƙofa, mai sayen yaji. Ban daɗe ba, kuɗi kawai na karɓa na ba da canji. Da na dawo sai na ga ɗigo-ɗigon baƙi a ciki. Autan ya leƙa ya ce, "Yaya, ta ƙone, in kika ci gaba miyar duka za ta yi ɗaci." Na ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci. Na zubar, raina a ɓace, don man gyaɗa ba arha yake ba ko a garin gyaɗa.

Kashegari na sake. Na aro tukunyar ƙarfe mai kauri wajen maƙwabciyata mai tuyar waina, na rage gawayin, na ce wa jikata duk wanda ya yi sallama ta ce ya jira. Na zauna a kujera 'yar tsugunne da muciya a hannu. Minti hamsin cif na yi, hannu ya sage, zufa na zuba, ƙanshin yana tashi kamar ana suyar gyaɗa. A nan na tuna da maganar mai haƙuri da dafa dutse. Da ta kai duhun da ake so sai na juye yankakkun albasa da tattasai da seleri a kai, suka yi ƙara, tururi ya tashi, zafin ya karye. Sannan romon zakara kaɗan kaɗan, sannan naman, sannan kuɓewa ɗanya da na ɗan soya tukuna, aka bar ta tana ɓararraka a hankali wajen awa biyu. Abin mamaki, fulawar da aka soya har haka ba ta sa miya kauri sosai, ɗanɗano take bayarwa, mai nauyi, irin wanda mu muke nema a wajen daddawa.

Sai garin file. Autan ya ce ba a sa shi tukunya na kan wuta, in ya tafasa sai ya yi zare-zare, a kwano ake barbaɗawa bayan an sauke. Ganyen wata bishiya ce da ake shanyawa a daka, kuma daga 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Cokto, aka koye shi. Na barbaɗa a kwanon Inna, na juya, na ga miyar ta kama jikinta ta ɗan yi santsi. Mahaifiyarmu ta haura shekara tamanin, idonta ya yi rauni, ba mu gaya mata ko mene ne ba. Ta kai loma ɗaya da shinkafa, ta kai ta biyu, ta ce, "Wa ya haɗa kuka da kuɓewa a miya ɗaya? Kuma ina daddawar?" Autan ya ce, "Inna, miyar Amurka ce." Ta ce, "Ko ta ina ce, na san ta." Ta cinye kwanon. Ƙanshin file ba na kuka ba ne, ya fi kama da na itacen magani, amma dabarar ɗaya ce: ganye a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kaɗa a miya. Da 'yar kwalbar ta ƙare na sa kuka a madadinta, miyar ba ta rasa komai ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta fitowa. Jambalaya dafa-duka ce, shinkafa da nama da kayan miya a tukunya ɗaya, ta mutanen karkara ba tumatir, launinta daga soyayyen nama yake zuwa, ta mutanen birni kuwa ja ce da tumatir. Suna da abin karin kumallo na garin masara da ake turarawa a kasko a ci da madara, suna ce masa kush-kush, wanda duk ya ci dambu ba zai yi baƙunta a gabansa ba. Kafin zuwan firij, gidaje kan haɗu su yanka dabba ɗaya su raba a rana ɗaya, kowa ya tafi da kasonsa, watanda ke nan, sai dai dabbar tasu ba tamu ba ce. Kuma ranar jajibirin azuminsu, a ƙauyuka irin su Mamu, samari kan yi shigar ban dariya su hau dawaki su bi gida gida suna waƙa suna roƙon kaza da shinkafa, a haɗa a yi gombo ɗaya ta gari duka. Jikokina suka ce ai tashe ne.

Yanzu ga naman da ya sa aka tofar da yawu. Abin da suka fi ci wani ɗan halittar ruwa ne mai kama da jatan lande, ja in ya dahu, mai ƙahonni da 'yan hannuwa kamar na ƙaguwa. A gonakin shinkafa suke kiwonsa, in an girbe a sake cika gonar da ruwa, gona ɗaya amfani biyu. Buhu buhu ake dafa shi a babbar tukunya da barkono da dankali da masara, a juye a kan tebur da aka shimfiɗa wa takardun jarida, dangi su kewaye, kowa na ɓalle kai yana ɓare wutsiya. Autan ya ce ranar da aka fara gayyatarsa, mutanen suna jira su ga ko zai ji ƙyama, sai ya tuna yadda muke zama da kwanon fara bayan kaka, ana cire ƙafa da fiffike ana dangwalar yaji, ya zauna ya ci har suka yi mamaki. Da ya nuna musu hoton fara a wayarsa, wasunsu suka yamutsa fuska. Kowa da abin da idonsa ya saba.

Kadan kuwa, naman wutsiyarsa suka fi so, fari ne, ana yanka shi ƙanana a soya, autan ya ce yana tsakanin kaza da kifi. Kuma akwai darasi a labarinsa. An yi ta kashe kadoji don fatarsu har suka kusa ƙarewa, sai jihar ta hana farautarsu a 1962, ba a sake buɗewa ba sai 1972, da ƙa'ida da lissafi. Yanzu ana ɗebo ƙwai daga fadama a ƙyanƙyashe a gonakin kiwo, a mayar da wani kaso cikin ruwa, kuma kadan ya dawo da yawansa. Mu da muka ga yadda namun dajin da ke kewaye da Gulbi suka ɓace a zamanin rayuwarmu, ya kamata mu saurari wannan. Wanda kuka kira ɓera kuma wata dabbar ruwa ce, ta fi gafiya girma nesa, mai jajayen haƙora, ciyawa da saiwa ta fi ci. Daga Amurka ta Kudu aka kawo ta a shekarun 1930 don gashinta, ta bazu cikin fadama tana cinye saiwar ciyawar da ke riƙe ƙasa, har tun 2002 hukuma ke biyan mafarauta kuɗi a kan kowace wutsiya da suka kawo. Don a rage ta ne ake kwaɗaita wa mutane cin ta, kuma autan ya ce yawancin waɗanda ya sani ba su taɓa sa ta a baki ba.

Ban tsaya a kan son raina ba, na aika maigida ya tambayi malamin da muke ɗaukar karatu wurinsa. Ya ce alade babu jayayya, nassi ne. Amma halittun ruwa, mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi sauran faɗi a kansu, ta halatta abin da ke rayuwa cikin ruwa, har kwaɗon ruwa da kunkurun ruwa, alhali Hanafiyya kifi kaɗai suka yarda da shi, Shafi'iyya kuma sun hana kwaɗo da kada. Ya ƙara da cewa abin da rai ya ƙi daban, abin da shari'a ta hana daban, kada a haɗa su. Su ma can sun yi irin wannan tambaya: ba sa cin nama ranakun Juma'a na azuminsu, sai kifi, har a 2010 babban limamin cocinsu na birnin Niyu Oliyans ya amsa wa wani mai tambaya a rubuce cewa kada cikin dangin kifi yake. Ni dai raina bai kwanta da kada ba, kuma ba na kiran kowa ya ci. Tofar da yawun ne na ƙi.

Domin mu ma mun san abin da yunwa ke koya wa mutum. Akwai wata miyarsu mai tumatir da barkono da yawa, a kan tushen soyayyar fulawar nan, wadda suke dafa naman daji da ita, zomo ko kunkuru ko kada. Na sayi zomo biyu wajen wani mafarauci daga wajen Tibiri na yi ta, naman ya yi laushi har yana barin ƙashi. Muna ci Inna ta fara lissafa abin da ta taɓa ci a ƙauye: kurege, bushiya, damo, guza, burgu, shinge in ruwan farko ya sauka, burduddugi da yaran unguwa ke kamowa a tafki. Sannan muryarta ta sauya, ta shiga shekarun da ba a so a tuna, 1973 da 1984, lokacin da ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, a dafa a ba yara. Ni kaina na ga 2005 da idona, na ga mata daga ƙauyuka sun cika bakin wuraren ciyar da yara a nan Maradi, na ga ɗalibaina suna zuwa aji da tafasa kaɗai a cikinsu. Wanda ya rayu da anza bai kamata ya yi wa wanda ya rayu da kwaɗo dariya ba.

Bambancinmu da su a wuri ɗaya yake, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Su ma an daɗe ana raina su. Sunan Kajun zagi ne a da, kamar a ce baƙauye. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya sa Ingilishi kaɗai a makaranta, ana dukan yara ana durƙusar da su in sun yi harshen iyayensu, har tsara guda ta tashi tana jin kunyar maganar kakanninta. Da autan ya faɗi haka jikina ya yi sanyi, domin ni ma na rataya wa yara sambol, alamar hukunci, a wuya don sun yi Hausa a harabar makaranta, ina ganin aikina nake yi, kuma har yau abin na damuna. Sai a 1968 jihar ta kafa hukumar farfaɗo da Faransanci, wadda ita ce sanadin tafiyar ƙanena. Harshen bai dawo duka ba, amma tukunyar ba su taɓa sakin ta ba. Wani mai girki, Paul Prudhomme, autan 'ya'ya 13 na wani talakan manomi, ya buɗe gidan abinci a Niyu Oliyans a 1979, yana dafa abin da ya koya wajen uwarsa. Ya fito da wata suyar kifi: a tsoma shi cikin narkakken man shanu, a mulke da yaji, a ɗora a kaskon ƙarfe da ya yi zafi har ya fara fari, bayan kifin ya yi baƙi cikin ya tsaya da ruwansa. Abin ya karɓu har irin kifin da yake amfani da shi ya fara ƙaranci a teku, hukuma ta hana kama shi don sayarwa kafin shekarun 1980 su ƙare. Na gwada da karfasar tafkin Madarunfa da man shanun Fulani, hayaƙi ya turnuƙe gidan har maƙwabta suka leƙo, amma kifin ya yi daɗi ƙwarai. Mutumin nan ya zuba yajinsa a gwangwani da sunansa, aka yi ta sayensa a duniya.

Mu fa? Gwangwanin da ƙanena ya kawo mini, ya ce kusan jaka biyu ya saye shi, kuma mafi yawansa gishiri ne. Nawa yajin, mai kaya tara a ciki, wanda nake zaɓar cittarsa ɗaya ɗaya in wanke in shanya, a ƙullin leda nake sayar da shi dala ashirin, ba suna ba adireshi, in damina ta yi sai ya dunƙule. Muna da tattasan Diffa, muna da albasar Galmi, muna da gyaɗa da riɗi, muna da kilishin da baƙi ke cika jaka da shi in za su koma gida. Amma ka shiga ɗakin girkin amaryar yau, za ka tarar da dunƙulen kanti iri uku, daddawa kuwa an ce tana wari. 'Yar ƙanwata da ta yi aure bara ba ta san kimba ba da na nuna mata. Miyar da Inna ke yi da daddawar batso da busasshen kifi, ni kaɗai na iya ta a cikin 'ya'yanta, kuma ban kai ta ba. Babu inda aka rubuta ta. Ranar da tsofaffin nan suka tafi, da awonsu za su tafi, don a tafin hannunsu yake.

Saboda haka roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne wurin nan na shafin ƙarshe da kuke sa hotunan abin mamaki na ƙasashen waje, ku ba mu rabinsa ko da sau biyu a wata. Ku aika 'yan jaridarku mata su zauna da tsofaffi a Maradi da Tasawa da Dakwaro da Katsina da Damagaram, su rubuta yadda ake haɗa yajin jego da yajin tsire da na fara, yadda ake daddawar kalwa tun daga dahuwa har rufewa, yadda ake gyara anza, da awo da lokaci, da Hausa, yadda yarinyar da ta tashi a birni za ta karanta ta iya. In kuma za ku sake kawo labarin abincin wasu mutane, ku gaya mana su wane ne da abin da ya kai su ga cinsa.

Ni na riga na fara. Na sayi littafin rubutu mai shafi 200, kowace Juma'a bayan la'asar ina zama da Inna tana faɗa ina rubutawa, in ta ce "ɗan kaɗan" sai in sa ta ɗiba da hannunta in auna da cokali. Mun kai girki 23. In kun buɗe shafin, zan aiko muku da miyar daddawar batso tukuna, sannan gombon zakara da naman banda yadda na gyara shi da kuka, ga duk wadda take da tukunya mai kauri da minti hamsin da ba wanda zai yi mata sallama.

Wassalam.

Taku mai karatu,
Tsohuwar malamar makaranta,
Unguwar Zariya, Maradi